Digiri a Akwati, Sifana a Hannu

Sharhin namu na yau daga Alƙahira ya taso, daga unguwar nan da Misirawa ke kira Wustul Balad. Magana ce a kan wani irin mutum da ake ƙara gani a can, ake kuma ƙara gani a Kano da Maraɗi: magidanci mai shekara 35 ko 40, da mata da 'ya'ya, da takardar digiri a ƙasan akwati, wataƙila har ya ɗan ɗana kujerar ofis, rana ɗaya ya ce shi aikin famfo zai koya. Wasu su ce abin tausayi, wasu su ce jarumta. Ni a ganina duka biyun sun yi gaggawa, domin ba su tsaya sun duba abin da mutumin zai biya kafin hannunsa ya faɗa ba, balle su duba abin da yake shigowa da shi cikin sana'ar wanda yaro ɗan shekara 15 ba shi da shi.

Mu fara da unguwar, tunda ita ke haifar da aikin. Duk wanda karatu ko jinya ko sarin kaya ya taɓa kai shi Alƙahira ya ratsa Wustul Balad, ko da bai riƙe sunanta ba. Ita ce ta taso daga Dandalin Tahrir, ta bi titin Ɗal'at Harb da na Ƙasrun Nil, ta dangana da Ataba. Khidiwi Isma'il, wanda ya mulki Masar daga 1863 zuwa 1879, shi ya assasa ta. Ya je baje kolin duniya a Faris, babban birnin Faransa, a 1867, ya ga faffaɗan tituna da dogayen benaye, ya dawo da burin a yi masa irinsu kafin manyan baƙi su zo bikin buɗe mashigin Suwes a 1869. A zamaninsa ne aka kafa kamfanin ruwan Alƙahira, aka soma binne bututu a garin da tun fil azal 'yan garuwa ke shayar da shi, suna ɗebo ruwan Nilu a salka, wasu a gadon baya, wasu a kan jaki da raƙumi. Babbar magudanar ƙazanta ta garin kuwa sai wajejen 1915 aka kammala ta, zamanin Turawan Ingila. Yawancin benayen da ke tsaye a unguwar yau an gina su ne tsakanin ƙarshen ƙarni na 19 da shekarun 1940. Sai ku lissafa da kanku shekarun bututun da ke cikin bangonsu.

Baƙo fuskar gini yake ɗauka hoto: baranda mai ƙarfen ado, doguwar ƙofa, tsohon lifta mai keji. Mai gyaran famfo kuwa ta baya yake shiga. A tsakiyar kusan kowane bene akwai wani fili ƙunci da aka bari tun daga ƙasa har sama don iska da haske su samu shiga banɗakuna da kicin, suna ce masa manwar. Ta nan bututan gidan duka suke bi. In ka tsaya a gindinsa ka ɗaga kai, za ka ga ƙaton bututun baƙin ƙarfe na ƙazanta wanda ya girmi kakanka, ya tsage ta gefe an naɗe shi da tsumma da siminti. Kusa da shi ga siraran bututan ƙarfe na ruwan sha da tsatsa ta cinye, ga fararen na roba da aka sa shekarun baya, ga kuma korayen zamani sababbi ƙal, kowane gida ya ja nasa layin ba tare da ya shawarci maƙwabci ba. Ƙasa kullum a jiƙe, kyanwoyi na kai-kawo, injinan tura ruwa na gurnani a ƙarƙashin matattakala, domin ƙarfin ruwan gwamnati ba ya kaiwa can sama, kowa da injinsa. In aka yanke tsohon bututun ƙarfe aka nuna maka cikinsa, za ka ga ramin da a da babban yatsa ke shiga, yanzu tsinken tsire ma da ƙyar zai wuce. Mutanen gida suna can hawa na shida suna tsine wa hukumar ruwa, alhali cutar a bangonsu take.

Dokar haya ce ta bar gidajen suka kai haka. Tun zamanin Jamal Abdul Nasir gwamnati ta daskarar da kuɗin haya, ta hana mai gida tashin ɗan haya, har ɗa ya gaji hayar ubansa. A 1996 aka yi dokar da ta saki sababbin yarjejeniyoyi, tsofaffin kuma aka bar su yadda suke. Shi ya sa har kwanan nan akwai mai zama a gida mai ɗaki biyar a tsakiyar Alƙahira yana biyan 'yan fam kaɗan a wata. Mai gidan da ke karɓar wannan ba zai sauya bututu ba, ko kusa. Ɗan haya kuma ya ce ai ba gidan ubana ba ne. Sai ruwa ya ɗigo wa na ƙasa a kan gado, a yi cacar baki a matattakala, bawwab, wato maigadin ginin, ya bi ƙofa-ƙofa yana tara karo-karo, a kira mai gyara ya yi faci, a jira wata ɓarakar. A Nuwamban 2024 Kotun Tsarin Mulki ta Masar ta ce daskarar da haya har abada haramtacce ne, a Agustan 2025 kuma aka sa hannu a sabuwar doka da ta ba gidajen kwana wa'adin shekara 7, shaguna da ofisoshi shekara 5, kafin tsofaffin yarjejeniyoyin su ƙare.

Tsofaffin ɗalibanmu za su tuna Mujamma, katafaren ginin gwamnatin nan na Tahrir, inda ake sammakon bin layi don sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, kafin a mayar da ofishin Abbasiyya. An kwashe ma'aikatan cikinsa, ma'aikatu sun koma sabon birnin gwamnati da aka gina a hamada gabas da Alƙahira, kuma shirin da ake da shi shi ne a mayar da Mujamma otal. Ɗakunan da akawuna suka ƙare rayuwarsu suna buga hatimi, sai an ja musu ruwan zafi da na sanyi. Akwai kuma kamfanin Al-Isma'iliyya da tun 2008 yake sayen tsofaffin benaye a unguwar yana sabunta su. Aikin famfo dai ga shi nan jibge.

To su waye ke zuwa nemansa da gemu? 'Ya'ya da jikokin wani alkawari ne. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Nasir ta ɗauki alkawarin ba duk wanda ya gama jami'a aiki, karatun ma kyauta. Manomi ya tura ɗansa makaranta don ya zama ma'aikaci, ya sa kwat, a kira shi ustaz. Da Anwar Sadat ya buɗe ƙofar kasuwa a 1974, arzikin man fetur kuma ya ɓarke a ƙasashen Larabawa, magina da kafintoci da masu aikin famfo suka kwarara Saudiyya da Kuwait da Libiya da Iraƙi. Waɗanda suka rage a gida suka yi tsada. Tun wancan lokacin Misirawa ke ba'ar cewa mai gyaran famfo ya fi malamin jami'a samu. Jiran aikin gwamnati ya koma na shekaru, daga bisani alkawarin ya mutu murus. Aka karya darajar fam a Nuwamban 2016, aka sake karya ta a Maris na 2024, dala ɗaya ta kai kusan fam 50. Mafi ƙarancin albashi a 2025 fam 7,000 ne, wato kamar dala 140 a wata.

Ga inda gizo ke saƙar. Albashi ba ya motsi sai an kafa kwamiti, an zauna, an sa hannu. Mai aikin hannu kuwa, ranar da burodi ya tashi, ranar yake ƙara kuɗin aikinsa. Ba sai na yi wa ɗan Najeriya dogon bayani ba. Wanda ya ga abin da ya biyo bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, ya kuma ga inda naira 70,000 ɗin da aka amince da ita a matsayin mafi ƙarancin albashi a Yulin 2024 take ƙarewa kafin tsakiyar wata, ya san abin da ke sa malamin firamare ya tsaya yana kallon akwatin kayan aikin maƙwabcinsa.

Akwai wani bawan Allah da na sani a wajejen Bab al-Luƙ. Ya daɗe yana riƙe da littafin lissafi a wani kamfani, aka rage ma'aikata da shi a ciki. Ya yi yawon ajiye takardu har takalmi ya suɗe, daga ƙarshe ya je ya durƙusa wa wani usta, wato gwanin sana'a, wanda a haife ya girme shi nesa ba kusa ba. Na taɓa tarar da su suna sauya layin ruwa a wani tsohon banɗaki da aka fasa bangonsa. Koren bututun nan na zamani ba a sa masa gam, narka shi ake yi. Akwai wani ƙarfe mai aiki da lantarki da ke yin zafi har kusan digiri 260, a cusa bakin bututu ta gefe ɗaya, mahaɗi ta ɗaya gefen, a ƙirga 'yan daƙiƙu, a zare, a haɗa su a miƙe, a riƙe har su sandare. In ka yi gaggawa, mahaɗar za ta yi yoyo bayan an rufe ta da tayil. In ka daɗe, robar za ta narke ta toshe hanyar ruwa ta ciki, ba kuma mai gani. In ka murɗa yayin haɗawa, ka ɓata.

Mutumin namu ya murɗa. Usta yana kan tsani, ko saukowa bai yi ba, ya ce, "Ya ustaz, me na ce maka jiya?"

Ya ce, "Ka ce kada a murɗa, ya usta."

"To yanke. Sake."

Ya ɗauki almakashin bututu ya datse abin da ya haɗa, ya jefa a buhu. Matar gidan na tsaye a bakin ƙofa da tiren shayi. Ɗayan yaron usta, wanda bai fi sa'an ɗan mutumin na fari ba, ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Mutumin bai ce uffan ba. Ya goge zufa da gefen hannun riga, ya ɗauko wani mahaɗin, na ga leɓɓansa na motsi yana ƙirga daƙiƙu.

Wannan shi ne kuɗin makarantar. Mutane kan zaci ƙazanta ce ke korar babba daga wannan sana'a. Ƙazanta ana sabawa da ita cikin 'yan makonni. A sa safar hannu, a ajiye wata tufa mai tsarki a jaka saboda salla, shi ke nan. Abin da ke kora shi ne komawa yaro. Mutumin da in ya shiga gidansa ake yi masa sannu da zuwa a kawo masa ruwa, shi ne za a aika sayo shayi, shi zai hau da buhun yashi hawa biyar in lifta ta mutu, shi za a yi wa tsawa a gaban mace. Ba kuma na kwana biyu ba. Sauya kan famfo da gyaran tankin masai ana koyonsu da wuri, amma kafin a sakar maka banɗaki sukutum ka zana shi, ka ja layinsa, ka ba magudana gangaren da ya dace, ka shafe ƙasa da kwalta yadda ɗigo ɗaya ba zai sauka wa na ƙasa ba, shekaru ake yi. Da yawa ba sa kaiwa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sun kuma ce gemu ba ya hana ilimi, ban ga wadda za a jefar a cikin biyun ba. Kan babba ya fi saurin gane dalilin abu. Gwiwarsa da ƙugunsa ne ba sa yafe masa tsugunno a kan siminti daga safe zuwa la'asar.

Sai batun tukunya. Abin da usta ke ba yaronsa a wuni na abinci da mota ne, an yanka shi daidai saurayin da ke kwana a gidan ubansa. Mai biyan haya da kuɗin makaranta ba zai rayu a kansa ba. Saboda haka duk wanda ya zo mini da wannan shawara, tambayata ta farko ita ce: wa zai riƙe gidan kafin hannunka ya faɗa? In kana da aiki, ko na ƙaramin albashi ne, kada ka sake shi tukuna. Bi usta da yamma da ranakun hutu, ka gwada jikinka, ka ga ko za ka iya haɗiye tsawa. Ka zauna da uwargida tun kafin ka fara, ku yi lissafin abin da za a rage, domin ita za ta ji a jikinta kafin kowa, ita kuma za ta sha tambayar 'yan'uwa a gidan biki. Abin da ke da sauƙi a lamarin shi ne jari. Sifana, filaya, zarto, guduma, awo, injin huda bango da ƙarfen narka bututu ba su kama ƙafar kuɗin adaidaita sahu ko kama shago ba, kuma ɗaya bayan ɗaya ake tara su. A Alƙahira, Fajjala ake zuwa, unguwar da shagunan littattafai da na kayan banɗaki ke maƙwabtaka, injin ruwa kuma a titin Jumhuriyya. A Kano kowa ya san hanyar Ƙofar Ruwa.

Yanzu ga ɓangaren da ba a cika faɗa ba. Bakanike a bakin titi ake kai masa mota. Tela a shago ake samunsa. Mai gyaran famfo shi ne ke wuce zaure, ya wuce falo, ya ratsa ɗakin kwana ya shiga banɗakin matar gida, sau da yawa maigidan ma ba ya nan. Aikinsa kuma binne shi ake yi. In ya sa maka bututun banza ya karɓi kuɗin mai kyau, ba za ka sani ba sai bayan damina biyu, ranar da fenti ya fara kumbura. Don haka abin da mutane ke saye a wurinsa, kafin gwaninta, amana ce. A nan furfura take da kasuwa. Mutumin da ya yi aikin ofis ya san a rubuta wa mai gida lissafi kafin a taɓa bango: kaya kaza, aikin hannu kaza. Ya san a kawo rasit, a dawo da canji. Ya san in an ce ƙarfe tara, tara ake nufi, a garin da kowa ke kukan "gobe in sha Allahu" ta masu gyara, kukan da mu ma ba baƙonmu ba ne. Yana iya karanta takardar da ke cikin kwalin inji, ya lissafa cewa kowane tsawon mita 10 na buƙatar kusan bar ɗaya a ma'aunin ƙarfin turi, ya zaɓi injin da ya dace maimakon ya ce a sayo mafi girma.

Tsohon akawun nan na Bab al-Luƙ, tun hannunsa bai gama nuna ba, bawwabai suka fara nemansa da kansa. Dalili kuwa shi ne yakan zauna ya rubuta musu kason kowane gida a takarda, dalla-dalla, yadda in an buga ƙofa karɓar karo-karo ba mai cewa an cuce shi. Rigimar matattakala ta ragu, ustansa ya samu ƙarin aiki, tsawar ma ta ɗan yi sauƙi. Akwai kuma wata al'ada a Masar da nake sha'awa: kamfanonin da ke yin koren bututun kan turo ma'aikacinsu ya gwada layin da famfon matsi kafin a rufe bango, in ya riƙe ruwa ya ba mai gida takardar garanti. Wannan na tsare mai gida, yana kuma tsare sabon shiga mai gaskiya, tunda allurar agogon gwaji ba ta san ko shekararsa nawa a sana'a ba.

Maganar shiga gida ta tuna mini da mata. A Jodan an horar da mata aikin famfo da tallafin Jamus, saboda dalilin da duk Bahaushe zai gane nan take: famfo ya fashe da hantsi, maigida na wurin aiki, ba a shigar da namiji baƙo, ruwa ya yi ta zuba har dare a ƙasar da ruwa ke da tsada. A Alƙahira ma jaridu sun sha ba da labarin wata mata a Darbul Ahmar da ta koyi sana'ar da girmanta. Ku duba yawan gidajen da aka rubuta wa "ba shiga" a Kano da Katsina da Zinder, ku gaya mini ko bazawara mai 'ya'ya huɗu da ta iya sauya kan famfo da gyaran shawa za ta rasa abin yi.

Saura mutunci, wanda shi ne ƙashin bayan gardamar. Misirawa mutane ne masu son laƙabi, daga duktur sai bashmuhandis, wato dokta da babban injiniya, kuma uban yarinya kan tambayi takardar mai neman aure kafin ya tambayi aljihunsa. Mu ma muna da namu. A ƙasar Hausa sana'a gado ce tun asali, maƙera da majema da wanzamai da mahauta kowa da gidansa, kuma har yau akwai gidajen da ake duba wannan kafin a ba da aure. Aikin famfo bai da gidan gado, baƙo ne, amma an jingina shi da masai, sai ya kwashi raini. Za ka ji suruki ya kira mutum gefe ya ce, "Yanzu Malam, duk karatun nan da ka yi, a bayan gidan mutane za ka ƙare?" Mutum ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a taya mu da addu'a." Ni da za a ba ni aron bakinsa, da na tambayi Baba, cikin ladabi, wanne ya fi zubar da girma: riƙe sifana, ko zuwa gidan ƙani duk ƙarshen wata da labarin albashi bai shigo ba? Malamanmu sun karantar da mu cewa Annabi Dawuda, alaihis salam, da aikin hannunsa yake ci, Imamu Abu Hanifa kuma ɗan kasuwar tufafi ne. Muna faɗin wannan a kan mumbari, in aka zo ba da aure sai mu manta.

Kada kuma a ji ni a zaci cewa nake yi kowa ya yar da biro. Sana'ar nan ba ta da fansho, ba ta da hutun rashin lafiya. Ranar da ka faɗo daga tsani, ranar samu ya tsaya. Akwai watan da waya ba ta ƙara, akwai Alhajin da zai sa ka aikin wata guda ya ce ka dawo jibi, jibin da ba ta zuwa. Kuma ba na son gwamnatoci su fake da wannan magana. Wanda ya karɓi haraji ya gina jami'a, ya yaye dubban yara ba tare da tanadin inda za su ba, bai isa ya wanke hannunsa da cewa "ku je ku koyi sana'a" ba. In da gaske ake, a buɗe ajin yamma. Masar na da cibiyar Don Bosko a Rodul Faraj da ta yi suna wajen koyar da aikin lantarki da na injina, tana da tsarin Mubarak da Kohl da aka ƙulla da Jamus a 1991, inda ɗalibi ke raba mako tsakanin aji da masana'anta. Najeriya na da hukumomin NDE da ITF, ga jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai mataki uku. Amma akasarin irin waɗannan tsare-tsare matasa aka yi wa, da rana ake yinsu, lokacin da magidanci ke neman na cefane.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rabin sani. Babba na da gaggawa saboda bakuna na jiransa a gida, sai ya kalli bidiyo goma a YouTube, ya yi wata biyu da wani oga, ya buga lambarsa a jikin bango. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, a wannan sana'a kuwa har kisa yana yi. A Masar, lokacin sanyi ba ya wucewa ba a ji labarin waɗanda hayaƙin na'urar ɗumama ruwa mai aiki da gas ya kashe a banɗaki ba, saboda an kafa ta ba mafitar iska. A wajenmu kuwa, ga mai haƙa sokawe dab da rijiya ko burtsatse, alhali masana lafiya na cewa a bar tazarar kusan mita 30, sai gida ya kama amai da gudawa a ce iska ce. Ga masu zura jiki cikin ramin masai su kwashe toshiya, iskar ciki ta shaƙe na farko, na biyu ya bi shi ceto ya tafi. Lanƙwasar nan ta ƙarƙashin abin wanke hannu da wani zai ga kamar ado ce, ruwan da ke kwance cikinta shi ke tare warin magudana daga shigowa ɗaki. Irin wannan a gefen gwani ake saninsa, da kallo da tambaya da shan faɗa.

Kalma biyu ga ɗalibanmu na Azhar, na Madinatul Bu'us da na Hayyul Ashir. Zuwan mutanenmu Alƙahira neman ilimi ba yau aka fara ba. A ƙarni na 13 ma mutanen Kanem na da makarantarsu a garin, ta Ibn Rashiƙ. Kuna komawa gida da digirin Shari'a ko Usuluddin, kun kuma san abin da makarantar Islamiyya ke biya. A garuruwan da za ku koma, irin su Kano, ruwan Tamburawa da Challawa bai isa kowace unguwa ba, duk mai hali burtsatse yake haƙawa, ya ɗora tanki, ya sa inji mai aiki da hasken rana, kuma kowanne sai an ja masa layi. Masu manyan gine-gine a Abuja har Togo da Binin suke aikawa neman masu aikin gamawa mai tsafta. Kuna zaune a garin da ke da gwanayen da suka ga kowane irin bututu tun na zamanin Turawa, ga dogon hutun bazara. Sai dai a kiyaye doka: iƙamar ɗalibi ba ta ba da izinin aikin kuɗi ba. A nemi sani ta hanyar da ba za ta ja wa mutum kora ba, a tara shi a kai gida.

Shi kuwa mutumin Bab al-Luƙ har yanzu yana ƙarƙashin ustansa. Ƙananan ayyuka yana zuwa shi kaɗai da jakarsa, babban aiki kuwa sai an tsaya a kansa. Wa'adin shekara 7 na gidajen tsohuwar haya zai cika a 2032. Masu benaye da yawa a Wustul Balad wannan shekarar suke jira kafin su fasa bango su sauya bututu daga ƙasa har sama, kuma shi lissafin da yake yi ke nan, ko kafin lokacin zai zama usta mai yaransa. Tsofaffin da suka shekara 50 a waɗannan ɗakuna suna biyan 'yan fam, waɗanda su ne ke kiransa yau su ba shi shayi, su kuma lissafin inda za su koma suke yi.